Kowa da Tukunyarsa Ya Zo: Asalin Abincin Wisconsin, Jihar Madara da Cuku

A jikin lambar motocin jihar Wisconsin ta Amurka akwai wani kirari da aka fara rubutawa tun 1940, wanda ma'anarsa ita ce ƙasar madarar Amurka. Kirarin yana da hujja. Mutanen jihar ba su cika miliyan 6 ba, amma shanun tatsarsu sun haura miliyan 1.2, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan cukun da ake yi a Amurka daga nan yake fitowa, sama da kilo biliyan 1.5 a shekara. Duk wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa Turawan da suka cika jihar sun sauka daga jirgin ruwa ne da shanunsu da sana'arsu a hannu, suka ci gaba daga inda suka tsaya a gida. Ba haka aka yi ba. Yawancinsu noman alkama suka zo yi, kuma sai da alkamar ta kunyata su kafin su waiwayi saniya. Wannan shi ne bakin zaren abincin Wisconsin gaba ɗaya: kusan duk abin da ake kira na gargajiya a can, ƙwarewa ce ta wata ƙasa da ta haɗu da larurar wannan ƙasa, sai aka haifi wani abu na uku wanda ko a garin da aka baro ba a san shi haka ba.

Kafin kowane baƙo ya iso, ƙasar tana da masu ita, kuma suna da cimarsu. Akwai al'ummomin Menominee da Ojibwe da Ho-Chunk da wasunsu. Sunan Menominee ma daga wani hatsi ya samo asali, wanda ake kira manoomin, wato shinkafar da ke tsirowa da kanta a bakin tafkuna da ƙoramu marasa zurfi. A ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba mutum biyu suke shiga kwalekwale, ɗaya yana turawa da doguwar sanda, ɗayan yana riƙe da 'yan sanduna biyu, ya tanƙwaro zangarniya da ɗaya ya kaɗa ta da ɗayar, tsabar ta zuba cikin kwalekwalen, wadda ta faɗa ruwa kuma ta zama irin baɗi. A soya ta sama-sama a wuta, a tattake, a sheƙe. Har yau haka ake yi a arewacin jihar. Su ne kuma suka san tatsar ruwan zaƙi daga itacen mapul, da cin wani ɗan jan 'ya'yan itace mai tsami da ake kira kiranberi, wanda a yau Wisconsin ke noma fiye da rabin na Amurka. Wannan ya kamata a fara faɗa, domin sau da yawa idan ana labarin abincin jihar daga zuwan Jamusawa ake farawa, kamar ƙasar kango ce kafin nan, alhali yawancinta karɓe ta aka yi daga hannun masu ita ta hanyar yarjeniyoyin da aka matsa musu.

Wisconsin ta zama jiha a 1848. A shekarun da suka biyo baya alkama ce sarauniya, har ana lissafin cewa kashi ɗaya cikin shida na alkamar ƙasar daga nan take. Dalilin a fili yake: alkama ba ta buƙatar jari mai yawa, kuma baƙon da ya iso da ɗan guzirinsa zai iya shukawa bana ya ga kuɗi bana. Sai dai shekara da shekaru ana shuka abu ɗaya ba hutu ba taki, ƙasa ta gaji. A shekarun 1860 wani ƙwaro mai tsotse kara ya afka wa gonaki. Can yamma kuma, a Minnesota da Dakota, an buɗe sababbin filaye masu ƙarfi, farashi ya faɗi. Manomin Wisconsin ya wayi gari da gona mai tuddai da ciyawa da ruwa, amma ba ta ba shi abin da ya saba karɓa.

Waɗanda suka nuna masa hanyar fita ba daga Turai suka zo ba, daga jihar New York suka zo, inda sana'ar madara ta riga ta kafu. Fitacce a cikinsu shi ne William Dempster Hoard, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar masu kiwon shanun tatsa ta jihar a 1872, ya fara buga mujallarsa ta makiyaya a 1885, ya kuma zama gwamna a 1889. Aikin da ya sha wuya a kansa shi ne sauya tunanin maza, domin a lokacin tatsa da kaɗa man shanu aikin mata ne na tsakar gida, kuma manomin alkama yana ganin zama a gindin saniya safe da yamma, kwana 365 a shekara, faɗuwar girma ce. Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta shigo da nata. A 1890 wani malaminta, Stephen Babcock, ya fito da hanya mai sauƙi ta auna maiƙon da ke cikin madara, da ɗan sinadari da na'urar juyawa. Kafin nan da awo ake sayen madara, don haka mai algus yakan ƙara ruwa ko ya kwashe maiƙon, a biya shi daidai da mai gaskiya. Da gwajin ya zo sai aka koma biya gwargwadon maiƙo, kiwon saniya mai kyau ya fara riba. Babcock bai yi rajistar mallakar wannan fasaha don ya ci kuɗinta ba, ya bar wa kowa, kuma ina ganin wannan karamcin ya cancanci a riƙa ambatonsa. Zuwa 1915 Wisconsin ta sha gaban New York a wannan sana'a.

To me ya sa cuku, ba madara ba? Nisa ne. Manyan kasuwanni suna gabas, ɗanyar madara kuwa ba ta jure doguwar tafiya a zamanin da babu firji. Kilo 10 na madara yana komawa kamar kilo 1 na cuku, wanda zai yi watanni bai lalace ba kuma jirgin ƙasa zai kai shi ko'ina. Saboda haka aka yi ta gina ƙananan masana'antu a mararrabar hanyoyi, kowace a nisan da keken doki zai kai madarar safe kafin ta yi tsami. A farkon shekarun 1920 sun haura 2,800. Sau da yawa manoman unguwa ne suke haɗa kuɗi su gina, su ɗauko gwani su ba shi, shi da iyalinsa su zauna a saman bene, tukunyar aiki tana ƙasa. A nan ne baƙin Turai suka sami ƙofar shiga da abin da hannunsu ya iya.

Labarin mutanen Suwizalan shi ne ya fi nuna wannan. A 1845 talauci ya addabi yankin Glarus bayan sana'ar saƙa da rini ta durƙushe, har hukumar yankin ta taimaka wa wasu iyalai su yi ƙaura. Mutum 108 ne suka iso kudancin Wisconsin suka kafa garin da suka raɗa wa New Glarus. Da yawansu ma'aikatan masaƙa ne, ba makiyaya ba, kuma su ma alkama suka fara shukawa. Sai da ta gaza sannan yankin nasu na Green County ya juya ga cuku, gwanaye suka riƙa biyo 'yan'uwansu daga gida, aka fara dafa madara a manyan tukwanen tagulla ana fitar da cuku mai ramuka wanda dunƙule ɗaya yake kusan nauyin ƙaton namiji. Su ne kuma suka rungumi Limburger, wani cuku mai laushi da ƙarfin wari wanda asalinsa ma ba nasu ba ne, na yankin iyakar Beljiyam da Jamus ne. Ana shafe bayansa da ruwan gishiri a kai a kai har ya nuna. Jamusawan biranen Amurka ne masu sayensa, su yanka shi a kan baƙin burodi da ɗanyar albasa. A yau wata masana'antar haɗin gwiwar manoma da ke kusa da garin Monroe, wadda aka kafa a 1885, ita ta rage tana riƙe da wannan sana'a a Amurka.

Wasu cukun kuwa a Wisconsin aka ƙirƙire su. A 1877 John Jossi, haifaffen Suwizalan, ya so ya yi abin da ya fi Limburger tauri kuma bai kai shi wari ba, sai ya riƙa danne gudajin da tubali, aka kira shi cukun tubali har yau. A 1885 Joseph Steinwand, a kusa da garin Colby, ya wanke gudajin da ruwan sanyi a tsakiyar aiki, tsamin ya ragu, aka sami cuku mai laushi da ɗanɗano mai sauƙi wanda ya ɗauki sunan garin. Italiyawa sun zo da nasu daga baya, kuma mozarela, cukun da ake narkarwa a kan fiza, tana cikin waɗanda jihar ta fi yi da yawa a yanzu. Saboda darajar sana'ar, Wisconsin ce kaɗai jihar da sai da lasisi mutum zai yi cukun sayarwa, kuma tun 1994 tana da tsarin ba da shaidar babban gwani, wanda ba a shigarsa sai wanda ya shekara 10 da lasisi a hannu.

Amma abin da ɗan jihar ya fi kewa idan ya yi nisa da gida ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Gudajin cuku ne, ɗanye shar, kafin a danne shi. Ga yadda yake fitowa. A ɗumama madara a babban kwami, a zuba sinadarin da ke daskarar da ita, ta kama kamar kindirmo mai kauri. A yayyanka da wuƙaƙen waya, ruwan ya tsattsafo a tsiyaye shi. Abin da ya rage ya manne ya zama faffaɗan gammo, a yanka shi a ɗora wani kan wani ana jujjuyawa har ya yi danƙo, sannan a wuce da shi ta injin da ke gutsuttsura shi kamar girman babban yatsa, a barbaɗa gishiri. Idan aka danne wannan a ajiye shi watanni, ya zama cuku sosai. Idan kuwa aka ɗebo shi nan take a leda, da ɗuminsa, shi ne abin marmarin. Alamar sabo ita ce ƙara: in ka tauna sai ya yi ƙiiƙ a haƙori. Bayan kwana biyu ko uku ƙarar ta tafi. Shi ya sa wannan abinci ya zama na wurin da masana'anta take bayan gida, ba ya yin tafiya. Wanda ya kwana kuma a tsoma shi a kwaɓin fulawa a soya, cikinsa ya narke.

Ruwan da aka tsiyaye ɗin nan ma yana da labari. Manomin da ya kawo madara da safe da shi yake komawa gida a garwarsa, ya ba aladu. Ta haka kiwon shanu ya ciyar da ɗayar sana'ar Jamusawa, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Jamusawa su ne suka fi kowa yawa, kimanin mutum huɗu cikin goma na jihar suna danganta asalinsu da Jamus, kuma garin Sheboygan ya yi suna da irin wanda ake kira bratwurst, da ake gasawa a gawayi. Musulmin da tafiya ta kai shi can ya sani cewa yawancinsa naman alade ne, sau da yawa kuma da giya ake dafa shi, don haka tambaya kafin ci ta zama dole, har a kan kayan gidan burodi, domin wasu da kitsen alade ake kwaɓa su.

Man shanu kuwa har doka aka yi masa. A 1895 jihar ta haramta sayar da majarin, wato botar da ake haɗawa daga kitse ko man tsirrai, idan an rina ta da launin rawaya don ta yi kama da man shanu. Mutane suka riƙa tuƙa mota zuwa iyakar Illinois suna sayowa a ɓoye saboda araharta. Sai a 1967 aka janye haramcin, kuma Wisconsin ce ta ƙarshe a duk Amurka. Jihar da ta yi wannan faɗa ba abin mamaki ba ne ta zama gidan baga mai man shanu, wato burodi mai gasasshen nama a tsakiya, inda ake ɗora dunƙulen mai a kan zazzafan nama har ya jiƙe burodin, da kuma wani askirim mai kauri da ake haɗawa da ƙwanduwar ƙwai, wanda birnin Milwaukee ya shahara da shi.

Ba komai ne daga saniya ba. Jihar tana gaɓar manyan tafkuna biyu, Michigan da Superior, ga dubban ƙanana a ciki. Jamusawa da mutanen Poland mabiya ɗariƙar Katolika sun zo da ƙa'idar barin cin nama ranar Juma'a, suka tarar da kifi a araha. Daga 1920 zuwa 1933, lokacin da Amurka ta haramta barasa, masu mashaya suka koma soya kifi don kada su rufe. Haramcin ya wuce, cocin ma ta sassauta ƙa'idarta a shekarun 1960, amma soyayyen kifin Juma'a ya zauna, na kowa da kowa, mai addini da marar addini. Faranti ɗaya yana ɗauke da tarihin: kifi, da wainar dankalin turawa irin ta Jamus, da burodin hatsin rai, da kwaɗon kabeji. Abin takaicin shi ne kifin tafkin da aka fara al'adar da shi ya yi ƙaranci sosai a tafkin Michigan tun shekarun 1990, yanzu wurare da yawa kifin teku suke soyawa.

A tsibirin-gaɓa na Door County, inda mutanen Norwe da Suwidin suka zauna suna kamun kifi da saran katako, dafawa ake yi, kuma a fili. A ɗora ƙatuwar tukunya a kan wutar itace, a zuba gishiri mai yawan gaske, a saka dankali da albasa a kwandon ƙarfe, daga baya a sauke wani kwandon na yankakken farin kifi. Man kifin yana tasowa saman ruwa yana kumfa. Idan ya rage kaɗan a sauke, mai dafuwar ya ce kowa ya ja baya, ya watsa kananzir a gindin tukunyar. Wuta ta tashi sama fiye da tsayin mutum, ruwan ya tafasa ya yi ambaliya, ya tafi da man da ƙarnin duka, ya kuma kashe rabin wutar. Mutum biyu su zura sanda su ɗaga kwandon. Sai a kwarara narkakken man shanu a kai. Dabara ce ta ciyar da ma'aikata da yawa da abu mafi araha, tun kafin gidajen abinci su mayar da ita abin kallo a farkon shekarun 1960.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka ma girki. Mutanen Danmak da suka taru a birnin Racine sun zo da kringle, wani burodi mai zaƙi da ake ninka kwaɓinsa da man shanu, a huta, a sake ninkawa, har kwana uku, ya fita da siraran ɓawo masu yawa. A gida siffarsa kamar ƙulli take, hannu ɗaya ya haye ɗaya. A Racine masu saye suka fi son inda cikon ya fi yawa, sai masu gasawa suka warware ƙullin ya zama zobe mai ɗan tsawo, suka cika shi da ceri, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace na Door County, ko da pikan, wata gyaɗar itace ta Amurka. A 2013 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin kayan zaƙin jiha. Mutanen Beljiyam masu harshen Walun, da suka fara isowa yankin Green Bay a 1853, su ake dangantawa da booyah, farfesun kaji da kayan lambu da ake dafawa a tukunya mai cin garwa da yawa, ana motsawa da muciya kamar ta tuƙin kwalekwale, a sayar don tara wa coci ko 'yan kwana-kwana kuɗi. Mahaƙan dalma daga Cornwall ta Ingila, da suka zo Mineral Point a shekarun 1830, sun bar pasty, nama da dankali da albasa a naɗe cikin ɓawon fulawa mai ƙarfi da mutum zai shiga rami da shi. Mahaƙan farko na yankin a cikin ramuka suke fakewa da sanyi, aka yi musu laƙabi da badger, wata dabba mai haƙa mai kama da dage, laƙabin ya bi jihar duka. Mutanen Norwe kuma har yau suna taruwa a ɗakunan coci da kaka su ci busasshen kifin da aka jiƙa a ruwan toka mai ƙarfi har ya yi santsi, da wata siririyar gurasar dankali da suke kira lefse.

Abin da ya fi damuna a yadda ake ba da wannan labari shi ne a tsayar da shi a 1900, kamar an rufe ƙofa bayan Turawa sun shiga. Sana'ar da kanta ta sauya fuska. Kalifoniya ta wuce Wisconsin a yawan madara tun 1993. Gonakin kiwo da suka haura 100,000 a tsakiyar ƙarnin da ya wuce sun koma ƙasa da 6,000, ƙananan suna rufewa, manyan suna haɗiye su, wasu da shanu dubbai. A irin waɗannan manyan gonaki, waɗanda suke tashi cikin dare a sanyin da ke daskarar da ruwa su yi tatsa, yawancinsu 'yan Meziko ne da ƙasashen tsakiyar Amurka, da yawa ba su da takardun zama, ga hatsarin aiki, ga fargabar kora. Cukun da jihar ke alfahari da shi da guminsu ake yin sa. Masana'antun ma sun bi su da masu cin irin abincinsu, suna yin farin cuku mai laushi irin na Meziko da yawan gaske.

Akwai kuma al'ummar Hmong, mutanen tsaunukan Laos da suka taya Amurka yaƙi, suka zama 'yan gudun hijira bayan 1975. Wisconsin ce ta uku a yawansu bayan Kalifoniya da Minnesota, suna Wausau da Sheboygan da Green Bay da Milwaukee. Somaliyawa sun zauna a ƙaramin garin Barron saboda aikin masana'antar talo-talo, Rohingya kuma suna da jama'a mai yawa a Milwaukee, da masallatansu da mahautan halal. Ranar Asabar da safe a lokacin ɗumi, kasuwar manoma da ke ci a kewayen ginin majalisa a Madison tun 1972 takan cika. Teburin mai gudajin cuku yana nan, da ledojinsa na wannan safiya, kusa da shi wata dattijuwa 'yar Hmong tana jera barkono da ciyawa mai ƙamshin lemo da dogon wake, jikarta tana ba da canji da Turancin Wisconsin.